Sawu a Bakin Ramin Kifi

Washegarin kasuwa, garin Tudun Kanya ya tashi da amai. Gida-gida ake fito da mutane, wani a kan babur an tallafe shi ta baya, wani a amalanke, duk an nufi ɗan asibitin da ke bakin hanyar Mairuwa. Ba a daɗe ana tambayar juna ba aka kamo bakin zaren: duk wanda ya kwanta, jiya ya ci soyayyar tarwaɗa. Mai suyar tarwaɗa kuwa ɗaya ce tak a kasuwar, Lidiya matar Barau, daga unguwar Hayi da ke tsallaken rafi, inda Maguzawa suke tun kaka da kakanni, wasu sun shiga coci, wasu suna nan kan abin da suka gada.

Shekara da shekaru ana cin kifin matar nan ana suɗe yatsu, amma da safiyar nan kowa ya tuna cewa shi dama bai taɓa yarda da ita ba. Samari suka rushe rumfarta, suka kifar da kaskon suya. Da Maigari bai yi saurin sa an kawo ta cikin gidansa ya ɓoye ta wurin matansa ba, da labarin ya sha bamban. Duk da haka samarin ba su watse ba. Suka yi dafifi a ƙofar gida, suna cewa in la'asar ta yi ba a nuna masu wanda ya zuba guba ba, za su haye rafi, kuma ko rumbu ɗaya ba za su bari tsaye a Hayi ba.

Nan ne Maigari ya ce a kira Malam Maharazu mai bin sawu.

Maharazu gajere ne, ga baki, ga cika baki, kuma abin haushin shi ne yawanci abin da ya cika bakin a kai gaskiya ne. A da, in an kore saniya a Faskari sai ya bi ta har Sabuwa, ya faɗa maka inda ɓarawon ya tsaya ya yi fitsari. Amma tun da daji ya ɓaci, masu satar shanu suka koma ɗaukar bindiga, ba mai sake cewa a bi sawu. Ya koma zaman ƙarƙashin durumi yana karanta sawun awaki don kada ido ya mutu. Da aiken Maigari ya iso, ko shayin da ke hannunsa bai shanye ba. Ya zari sandarsa yana murna kamar an ce masa ga kujerar Makka.

*

Asibiti ya fara zuwa. Malama Safara'u, mai kula da wurin, ta fito tana share zufa da bakin hijabi.

"Malama, kwalara ce ko sammu?" in ji Maharazu.

"Ba ko ɗaya, Malam. Zo ka gani."

Ta kai shi gadon wata yarinya da aka ɗaura wa ruwa. Miyau na dalala daga bakinta, jikinta na karkarwa. Safara'u ta buɗe mata ido, ƙwayar ta tsuke ta koma kamar ƙwayar gero.

"Haka masu feshi ke zo mana in maganin ƙwari ya shige su," in ji ta. "Manyan za su tashi in sha Allahu. Wannan ce ke ba ni tsoro, jikinta ƙarami ne. Na kira mota daga Funtuwa."

"Ɗiyar wa ce?"

"Mansura ce, ɗiyar Mas'udu mai ramin kifi."

Maharazu ya ɗaga gira. Ɗiyar mai kifi ta sha guba a kifi! Ya ajiye wannan a ransa.

*

Ya tarar da Lidiya zaune a tsakar gidan Maigari, ɗankwali a hannu, ido jawur. Ba kuka ya ja idon ba, fushi ne.

"Sannu, matar Barau. Sun ce mijinki shina zuba magimfa a ruwa."

Magimfa wani tsiro ne da mutanen Hayi ke dakawa su zuba a kududdufi, kifi ya bugu ya taso sama.

"Shina zubawa, Malam, da rani, kamar yadda ubanshi ya yi. Kai ma ka ci kihin magimfa tun kana yawo ba wando. Ka taɓa amai?"

Matan Maigari suka tuntsire da dariya. Maharazu ya gyara hula.

"Kuma na jiya ba na rahi ba ne," ta ci gaba. "Na kiwo ne, na Mas'udu. Da ƙahwarshi ya kawo mani, mutumin da sai na yi ta bin shi kahin ya kamo mani. Na ce halan an yi ruwan alheri."

"Da rai suka zo?"

"Da rai, amma lagwas. Ka san tarwaɗa, sai ka kwaɗa mata taɓarya ta miƙe ta mare ka. Waɗannan ko motsin kirki ba su yi. Na ce zahi ne." Ta matse ɗankwalin a hannu. "Ni na ba yarinyar nan kan kihi da hannuna, Malam. Kullum kasuwa sai ta zo ta tsaya tana kallona, in ba ta. Yanzu ubanta ne gaba-gaba wurin cewa a ƙone mu."

Gaskiya ta faɗa. Daga nan cikin gida ana jiyo muryar Mas'udu a waje, ta fi ta kowa tashi.

*

Ramin kifin yana bakin fadama, gabas da gari. An yi ruwa shekaranjiya, ƙasa ta yi laushi, kowace ƙafa ta bar sunanta. Maharazu ya ji jininsa na tsuma. Tun kafin ya kai ramin ya ci karo da sawun takalmin roba mai dogon wuya, ya sauka rafi. A bakin ruwa ga farar kumfa ta bushe, ga ƙananan kifaye sun yi rigingine a cikin ciyawa.

"Na kama ka!" ya faɗa da ƙarfi, ba kowa a wurin sai wata balbela.

Mai irin wannan takalmi a garin Ubale ne kaɗai, mai yi wa mutane feshin auduga. Maharazu ya same shi a wata gona, tanki a baya, ya tare shi da sanda kamar ya kama ɓarawon sa.

"Kai ne ke wanke tankinka a rahi?"

"Ni ne, Baba. To ina zan wanke shi, a randar gidanmu?"

"Ka kashe mutane, Ubale!"

Ubale ya sauke tankin, ya dube shi sama da ƙasa. "Baba, ka ga inda nike wankin. Ramin Mas'udu shina bisa tudu ko ƙasa?"

Maharazu ya sauke sandarsa.

"Ruwa dai ba shi hawa tudu. Kuma Mas'udu ba shi taɓa ruwan rahi, daga rijiya yake ja da inji. Kowa ya sani, ban da mai bin sawu."

Maganar ta shiga Maharazu har ƙashi. Zaman durumi ya sa shi gaggawa irin ta sabon shiga. Don kada ya tafi hannu rabbana, sai ya ce, "To waɗancan da ka kashe a rahi fa? Yara na tsintarsu suna gasawa. Kai ma ka zo ƙohwar Maigari da la'asar."

Ubale ya sunkuyar da kai ya ɗauki tankinsa.

*

Ya aika aka rabo Mas'udu da taron samari, aka kawo shi bakin raminsa. Ya iso yana huci.

"Malam, mi kake nema nan? Mai laihi tana can an ɓoye ta!"

"Mi kake ba kihinka?"

"Abincin buhu, daga Funtuwa. Na rantse da Allah ban taɓa jehwa masu wani abu ba."

"Na yarda. Jiya gidanka an yi miyar kihi?"

Mas'udu ya kau da kai. "Ba a yi ba."

"Ka kamo kihi cike da daro, ka wuce ƙohwar gidanka, ko ɗaya ba ka aje ma iyali ba? Kai da ba ka iya cin tuwo sai da kan tarwaɗa?"

Mas'udu ya tsuguna. Kwanaki ke nan, in ji shi, yana ganin kifin suna tasowa sama suna layi kamar 'yan maye, wasu ma sun mutu ya binne su. Ya ɗauka wata cuta ce za ta cinye masa rami duka, sai ya kwashe manyan ya kai wa Lidiya tun suna da rai. A gida kuwa ya ce kada wanda ya taɓa.

"Ban san Mansura za ta je wurinta ba," ya ce, hawaye na zuba. "Amma Malam, cuta daban, guba daban. Wani ya zuba mani, kuma ni ba ni da abokin gaba sai dai in daga Hayi."

"Tashi ka tahi wurin ɗiyarka. Kada ka taka mani nan gehen."

Da ya tafi, Maharazu ya tuɓe takalmansa, ya fara zagaya ramin a duƙe, wannan karon ba gaggawa. Ga sawun Mas'udu, ga na awaki, ga na wani kare mai ɗingishi. Sai ga wani daban, takalmin da aka yanka daga tayar mota, da tabon sanda a gefen dama. Tsoho ne, takunsa gajeru. Kuma ba zuwa ɗaya ya yi ba, sabon sawu ya hau kan tsoho, tsohon ya hau kan wanda ya fi shi tsufa.

Abin ya ɗaure masa kai. Mai zuba guba sau ɗaya yake zuwa, a kan yatsu, yana waige-waige, ya zuba ya arce. Wannan kuwa a natse yake zagaya ramin kamar gonarsa. Kuma duk bayan 'yan taku sai ƙafar dama ta ɗan shari ƙasa ta danne da diddige. Maharazu ya tsura wa wurin ido, ya gwada yi da tasa ƙafar, sai ya gane. Ai haka mai shuka ke yi, ya jefa iri ya rufe da ƙafa! Hannun mutumin nan yana watsa wani abu cikin ruwa, ƙafarsa kuwa don sabo tana binne ramin da babu shi.

Ya ƙara duƙawa. A inda tsohon ya saba tsayawa akwai ɓarzajjen masara da ya zube, tururuwa sun yi layi sun zo ɗauka. Layin yana nan, kowace da ɗan gutsurenta, amma ba wadda ke motsi. Duk sun mutu a kan hanya.

"Allahu akbar!" in ji Maharazu. Ya tsinki ganyen gamji ya kwashe su a hankali.

Daga nan sawun ya ja shi kamar an sa masa igiya. Ya bi ta cikin rake, ya ɓulla wani fa, shimfiɗaɗɗen dutse, a bayan tsamiya, inda ba a hangowa daga hanya. A kan fan akwai ɗan gurbi da aka yi ta daka a ciki da dutse. A tsagar da ruwan wanki ya bi ya gangara, ƙasa ta rine ja. Wannan jan, ba manomin da bai san shi ba.

Ya bi sawun da ya koma gari, har yana haɗawa da sassarfa, ya ratsa lungu, ya sha kwana. Sai ga shi a ƙofar gidan Mas'udu. A bakin ɗan ɗakin da ke jikin zaure ga takalman taya an ajiye su a jere, ga sanda a jingine. Daga ciki yana jiyo muryar tsoho yana ta addu'a, yana kiran sunan Mansura.

Duk murnar da Maharazu ya yini da ita ta zube a wurin. Bai yi sallama ba. Ya koma fadama, ya sa aka kamo masa tarwaɗa ɗaya.

*

Ana idar da la'asar ƙofar Maigari ta cika maƙil, har kan katanga. Aka fito da Lidiya, ta zauna gefe. Ubale ya raɓe a jikin durumi. Mas'udu ya dawo, motar Funtuwa ta riga ta tafi da Mansura da uwarta. Kusa da shi ga Baba Gide, tsohon da ya gudo daga wani ƙauye a wajen 'Yargoje a farkon damina, bayan 'yan bindiga sun tashe su. Aminin marigayi uban Mas'udu ne, don haka Mas'udu ya ba shi ɗaki, kuma kwano na fita masa safe da yamma.

"A ba mu suna!" samari suka ɗauka.

"Ku zamna," in ji Maharazu. "Na yini a duƙe, ku ma ku ɗan duƙa."

Ya fara da Ubale, ya ce ba shi ne ya taɓa ramin ba, amma abin da yake wankewa a rafi yana shiga cikin 'ya'yan mutane, wata rana a kansa za a taru. Ya juya kan Mas'udu, ya faɗi yadda ya ga kifinsa na layi, ya hana gidansa ci, ya kai wa Lidiya ta soya wa gari. Wuri ya kaure da salati. Waɗanda suka yini suna bin bayan Mas'udu suka fara ja da baya.

"Amma ba shi ya sa gubar ba," in ji Maharazu.

Ya shimfiɗa ganyen gamji gaban Maigari, kowa ya leƙo ya ga matattun tururuwa. Sannan ya zaro wuƙa ya farke cikin tarwaɗar nan. Tumbinta cike yake da ɓarzajjen masara, kuma a jikin wasu gutsattsarin akwai sauran ja.

"Irin shuka ne!" wani ya faɗa. "Mai magani!"

"Shi ne. Wanda ake cuɗawa da jan magani don kada gara da ɓera su ci. To ina tambaya, jama'a. Ga shi masara ta fid da kai a kowace gona. Wa ke da iri har yanzu bai shuka ba?"

Mutane suka dubi juna. Kowa a Tudun Kanya ya shuka nasa. Maharazu bai dubi kowa ba, ƙasa yake kallo.

"Ni ne," in ji wata murya a hankali.

Baba Gide ya dafa sanda ya miƙe. Fuskarsa ba ta mai laifi ba ce, ta mai mamaki ce.

"Ni ke da iri. Amma na wanke shi, Malam. Ruwa bayan ruwa nike sakewa, har sai ya hito fes. Jan duk ya tahi."

"Ba duka ya tahi ba, Baba. Maganin ya riga ya shige cikin ƙwayar."

"Baba!" Mas'udu ya miƙe. "Kai ne? Don mi? Mi na yi maka?"

"Alheri ka yi mani." Tsohon ya dafe sandarsa da hannu biyu. "Ranar da muka gudo, buhun nan kaɗai na ɗauko. Na riga na cuɗa shi, washegari za mu shuka. Na aje shi ƙarƙashin gado, ina cewa in an kwana biyu za mu koma. Da na ga masarar mutane ta kai ƙugu, na san ba mu komawa. Ga ni zamne, ina cin tuwon yaro, ban kawo ko tsinke ba. In na ba ka a hannu, ba ka amsa. Na san mutum ba shi cin irin shuka. Sai na ce kihi cikin ruwa yake, ruwa zai ƙara wankewa. In kun tahi gona sai in je in watsa masu, su yi ƙiba, ka ji daɗi, ba ka san daga ina ba."

Ya dubi tururuwan, ya dubi kifin da aka farke, sai a lokacin abin ya gama isa zuciyarsa.

"Ke nan Mansura... da hannuna?"

Sandar ta suɓuce masa. Maharazu ne ya tare shi kafin ya kai ƙasa. Bai taɓa kama wanda yake nema ba ya ji ciwo irin na yau.

Samarin da suka zo da gora suka rasa inda za su sa ta. Wa za a doka? Na baya-baya suka fara sulalewa. Maigari ya ce a kwashe kifin ramin a binne, kada ko kare ya samu, maganar Mas'udu kuma hukuma za a kai. Sannan ya juya.

"Matar Barau, an zalunce ki. Ki yi haƙuri, ki tahi gida."

Lidiya ta tashi ta ɗaura ɗankwalinta, ba ta yi sauri ba.

"Ranka ya daɗe, zan tahi. Amma a bar masu sulalewar nan su tsaya in ga idonsu." Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, tana kiran kowa da sunan uwarsa. "Ba wanda ban ba gyara ba a cikinku. Yau ba wanda ya ce a tambaye ni. Da Malam bai iya duƙawa ba, da yanzu hatsinmu na ci da wuta. Haƙuri zan yi, amma ban ce na manta ba."

Ba wanda ya ɗaga kai. Ta ratsa su ta nufi hanyar rafi. Da ta zo daidai Baba Gide, wanda ke zaune a ƙasa yana kuka kamar yaro, sai ta tsaya. Ta daɗe tana kallonsa. Maharazu ya matso, don bai san abin da zai fito daga bakinta ba.

"Baba, da saura a buhun?"

Ya gyaɗa kai.

"Kada ka bari su ƙone shi. Barau na da fadama bayan gidanmu, ba mai nomanta. In ruwa ya janye ka hayo da shi." Ta share ido da bayan hannu. "Ni na miƙa ma yarinyar nan kihin, kai ka ciyar da shi. In Allah ya tashe ta, ta zo ta ci masarar a gashe."